William S. Paley: Ɗan mai sana'ar taba da ya gina CBS

An haifi William S. Paley a birnin Chicago na Amurka a 1901, ɗa ga wani Bayahude mai kamfanin taba. Tallar tabar gidansu, La Palina, ce ta fara kai shi gidan rediyo. Ganin yadda ciniki ya bunƙasa, a 1928 iyalinsa suka sayi rinjayen hannun jari a wata haɗakar tashoshi 16 da ke fama da asara. Ita ce ta zama CBS.

Dabararsa ita ce bai wa ƙananan tashoshi shirye-shirye kyauta, su kuwa su sakar masa lokutan da masu talla ke so. Cikin shekara goma tashoshin suka haura 100.

A zamaninsa Edward R. Murrow ya yi suna da rahotanni daga Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai shi ɗin ne kuma ya bari aka rufe See It Now a 1958, shirin da Murrow ya ƙalubalanci Sanata McCarthy a cikinsa, saboda ya gaji da rigingimun da yake jawowa. Wannan tabo ne da alherinsa bai goge ba.

Alherin kuwa ba kaɗan ba ne. A 1967 ya buɗe Paley Park a New York domin tunawa da mahaifinsa. A 1975 ya kafa gidan adana tsofaffin shirye-shiryen rediyo da talabijin, wanda yau ke ɗauke da sunansa. Tarin zane-zanensa, har da na Picasso, ya bar wa gidan tarihi na MoMA.

Ya rasu a 1990 yana da shekara 89.