Malam Aminu Kano, Allah Ya Jiƙansa

'Yan uwa, da yawanmu muna wucewa ta dandalin Malam Aminu Kano a nan Dutse, amma ba mu san mai sunan ba. An haife shi a Kano a 1920, ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Yusufu masanin fiƙihu ne. Ya bar aikin koyarwa ya shiga NEPU a 1950.

A lokacin, talaka yana iya shan ɗauri don kawai ya bi NEPU. Malam bai da kuɗin rabawa. Zama yake yi da mutane, ya karanto aya, ya fahimtar da su cewa zalunci haramun ne ko daga wa ya fito. Ya faɗi zaɓen 1954, ya haƙura, ya ci na 1959. Wallahi wannan haƙurin ne ya fi burge ni.

A 1979 bai samu shugabancin ƙasa ba, amma PRP ta ci jihar Kano, har da ƙasarmu ta Jigawa a ciki, aka soke haraji da jangali. Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin wani zaɓen. Allah Ya gafarta masa.