Muhammad al-Kishnawi

Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi (ya rasu a shekarar 1741) malami ne Bafulatani ɗan ƙasar Katsina, masanin lissafi, ilimin taurari, nahawu da manɗiƙi. Laƙabin al-Kishnawi ya fito ne daga Kashna, yadda ake rubuta sunan Katsina da Larabci. Ma'anarsa dai Bakatsine.

Karatu da tafiye-tafiye

Ya yi karatu a Katsina da ƙasar Barno. Daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na Bagirmi. Daga baya ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a Alkahira ta ƙasar Masar yana koyarwa.

Ayyukansa

Ya rubuta al-Durr al-Manzum a kan ilimin taurari, ya kuma yi waƙe a kan manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja. Sai dai an fi saninsa da Bahjat al-Afaq, wanda ya rubuta wajen shekarar 1732 a kan ilimin haruffa da hatimi. Hatimi a nan shi ne murabba'i mai gidaje da ake cikawa da lambobi, ta yadda jimillar kowane layi, a kwance, a tsaye ko a karkace, za ta zo daidai. Ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar, ciki har da yin taku biyu a miƙe da ɗaya a gefe kafin a ajiye lamba ta gaba.

Mutane da yawa sun san hatimi a allo da laya kawai, alhali akwai hujjar lissafi a cikinsa da ɗan firamare zai iya bi. A hatimi mai gida tara, jimillar 1 zuwa 9 ita ce 45, layukan kwance kuma uku ne, don haka dole kowane layi ya ba da 15. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ta fito ke nan daga maimaita lambar tsakiya sau uku, saboda haka ba wata lamba da za ta zauna a wurin sai 5.

Claudia Zaslavsky ta yi bayanin aikinsa a littafinta Africa Counts (1973).

Rasuwa

Ya rasu a Alkahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya bar wa wasiyyar littattafansa.