Ibnu Sina: Hadda Daban, Fahimta Daban

An haifi Abu Aliyu Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibnu Sina, a ƙauyen Afshana kusa da Bukhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau, wajen shekara ta 370 bayan Hijira (980 Miladiyya). Yana ɗan shekara 10 ya haddace Alƙur'ani mai girma, sannan ya shiga fiƙihu da lissafi da likitanci. In mas'ala ta gagare shi, sai ya tafi masallaci ya yi salla ya roƙi buɗi.

Ya karanta wani littafin falsafa na Aristo sau 40 har ya haddace shi, amma bai gane manufarsa ba. Sai da ya sayi ɗan sharhin Farabi a kasuwa kan dirhami 3, sannan ma'ana ta buɗe masa. Kun ga ke nan, yara, hadda daban, fahimta daban.

To, ga tambaya. In yaro ya wurga dutse da majajjawa don korar tsuntsaye a gonar shinkafa ta bakin gulbin Rima, me ke tafiyar da dutsen bayan ya rabu da majajjawar? A ra'ayin Aristo, iska ce ke tunkuɗa shi. Ibnu Sina, cikin littafinsa Ash-Shifa, bai yarda ba. Ya nuna cewa mai jifa kan sa wa dutse wata karkata wadda ba ta ƙarewa da kanta, iska ma rage masa gudu take yi. A shekarar 1687 Isaac Newton na Ingila ya daidaita zancen: abin da ke tafiya ba ya bukatar mai tura shi, zai zarce sai in wani ƙarfi ya tare shi ko ya karkatar da shi.

A 1992 David Hestenes da abokan aikinsa a Amurka suka fito da jarrabawa mai irin waɗannan tambayoyi, ba lissafi a ciki. Ɗalibai da yawa da suka haddace dokokin Newton sun kasa amsa su. Saboda haka iyaye, in yaro ya kawo hadda, ku tambaye shi ma'ana.

Ibnu Sina ya rasu a Hamadan ta ƙasar Iran cikin Ramadan na 428 (1037). Ya bar Alƙanun fid Ɗibbi, littafin likitanci da Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karantawa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.