Carlo Abarth: Maƙerin salansa da ya ninka ƙarfin ƙananan motocin Fiat

Duk wanda ke zaune kusa da babban titi a Kano, Maraɗi ko Yamai ya san rugugin babur ko motar da aka huda wa salansa. Matasa da yawa sun yarda cewa idan ƙara ta ƙaru, ƙarfin inji ma ya ƙaru. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan tunani a tarihin motoci shi ne Carlo Abarth, wanda ya gina kamfaninsa da kuɗin sayar da salansa. Sai dai aikin da ya bari ya nuna cewa salansa kaɗai ba ta taɓa ninka ƙarfin mota ba.

An haife shi a Vienna, babban birnin Austiriya, ranar 15 ga Nuwamba, 1908, aka raɗa masa suna Karl. Yana matashi ya tafi Milan a Italiya ya yi aiki a kamfanin Castagna mai ƙera gangar jikin motoci, daga baya ya koma gida ya shiga harkar babura, yana gyara su yana kuma tsere da su. Mummunan hatsarin da ya yi a garin Linz a 1930 ya raba shi da tseren babur na mutum ɗaya, sai ya koma irin babur ɗin nan mai ƙaramin mazauni a gefe. Da shi ne ya yi tsere da shahararren jirgin ƙasa na Orient Express a 1934, tsakanin Vienna da Ostend a Beljiyam, tafiyar da ta haura kilomita 1,300, kuma ya riga jirgin isa. Wani hatsarin da ya sake yi a Yugoslabiya a 1939 ne ya kawo ƙarshen tserensa, kuma a birnin Ljubljana ya shafe shekarun Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan yaƙi ya koma Italiya, ƙasar da mahaifinsa ke zaune, ya zama ɗan ƙasa, Karl ya koma Carlo. Sanayyarsa da iyalan Porsche ta kai shi kamfanin Cisitalia a Turin, inda mai kamfanin, Piero Dusio, ya zuba dukiya a kan wata motar tsere har kamfanin ya durƙushe, shi kuma ya tafi Ajantina. Abarth ya fita da wasu motocin tsere a hannunsa. Ranar 31 ga Maris, 1949, ya kafa Abarth & C. da jarin Armando Scagliarini, mahaifin wani direban tsere mai suna Guido. Tambarin kamfanin kunama ce, domin a lissafin taurari na Turawa an haife shi ne a watan kunama. A Afrilun 1950, tsohon gwarzon direba Tazio Nuvolari ya yi tserensa na ƙarshe a tsibirin Sisili da motar Abarth 204A.

Tsere yana kawo suna, amma cin kuɗi yake yi. Abin da ya riƙe kamfanin shi ne salansa.

Yadda salansa ke shafar ƙarfin inji

Ƙarfin doki shi ne ma'aunin da James Watt ya yaɗa a ƙarni na 18 don kwatanta injin tururi da dawakin da ke jan kaya. A mota, yana fitowa ne daga abu biyu: ƙarfin murɗawar inji da yawan juyawarsa a minti ɗaya. Injin fetur kuwa numfashi yake yi. Yana shaƙar iska, ya gauraya ta da mai, filogi ya kunna wuta, fistin ya sauka, sannan hayaƙi ya fita. Kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kusan giram 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙara mai abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen shigar da iska mai yawa da fitar da hayaƙi da wuri, domin duk hayaƙin da ya maƙale a silinda ya cinye gurbin sabuwar iska.

Salansar ƙananan motoci na wancan zamani cike take da shingayen ƙarfe da ke tilasta wa hayaƙi kwana-kwana kafin ya fita. Hakan na kashe ƙara, amma yana shaƙe inji. Abarth ya cire shingayen. Ya bar bututu miƙaƙƙe a tsakiya, ya kewaye shi da audugar gilashi mai shanye kaifin ƙara, hayaƙi ya samu hanya. Ya fara da ƙaramar motar Fiat Topolino. Ya shafa wa salansar baƙin fenti, ya sa wa bakinta ƙarfe mai walƙiya, ya kuma sayar da ita lira 4,500 a lokacin da ta gama-gari ke kan lira 2,000. Mutane suka saya. A 1962 kaɗai kamfanin ya ƙera salansa 257,000, kuma kashi 65 cikin 100 ƙasashen waje aka kai su.

A gaskiya, yawancin masu sayen muryar suke biya. Salansar na ƙara wa inji ɗan ƙarfi, amma kunne ya fi ma'auni jin bambancin, kuma Abarth ɗan kasuwa ne da ya san haka.

Akwai kuma abin da masu yanke salansa a gareji ba su cika lura da shi ba. Hayaƙi ba a jere yake fita kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita. Idan faɗin bututu da tsawonsa sun dace da inji, kowane bugu yana barin wani ja a bayansa da ke taimaka wa silinda ta gaba ta zubar da nata hayaƙin. Idan bututu ya yi faɗi fiye da kima, ko aka datse shi, saurin hayaƙi ya ragu, jan ya ɓace, mota ta rasa ƙarfin tashi a ƙananan giya duk da tana ruri kamar babbar tirela. A injin da ke da kafireta, kamar yawancin baburan haya, canza salansa ba tare da daidaita mai ba na iya sa iska ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi har bawul ya ƙone.

Akwatin da ya ninka ƙarfin Fiat 600

Inda Abarth ya nuna gwanintarsa ta gaske shi ne kan Fiat 600, motar talakawan Italiya da ta fito a 1955. Injinta cc 633 ne, ƙarfinsa doki 22 ko ƙasa da haka kaɗan, gudunta bai wuce kilomita 95 a sa'a ba. Abarth ya fara sayar da wani akwati cike da kayan inji da kowane ƙwararren bakanike zai iya ɗaurawa. A ciki akwai sabon karanshaf mai tsawaita hawa da saukar fistin, wanda tare da ɗan faɗaɗa silinda ya mayar da injin cc 747. Akwai fistin masu matse iska da mai fiye da na asali, domin duk yadda aka matse su kafin wuta ta kama, haka fashewar ke ƙarfi. Akwai kamshaf mai barin bawul a buɗe na tsawon lokaci, da sifirin masu tauri don kada bawul ya kasa rufewa idan inji na juyawa da sauri, da babbar kafireta ta kamfanin Weber. Salansa tana cikin akwatin, amma ɗaya ce daga cikin kaya masu yawa.

Sakamakon shi ne ƙarfin doki sama da 40 da gudun kusan kilomita 130 a sa'a. Kusan ninki biyu ke nan, kuma babu wani ƙarfe ɗaya a akwatin da zai iya cewa shi ya yi aikin. Babbar kafireta a kan ƙaramin bawul asarar mai ce kawai. Kamshaf mai zafi a kan toshasshiyar salansa ba ya kai ko'ina.

Masu shakka sun ce irin wannan inji ba zai yi ƙarko ba, sai Abarth ya kai maganar filin tsere na Monza. A Yunin 1956, wata Fiat Abarth 750 mai gangar jiki ta musamman daga kamfanin Bertone ta yi sa'a 24 tana gudu, ta ci kilomita 3,743. A Fabrairun 1958 ya maimaita da sabuwar Fiat 500, wadda ta fito a 1957 da inji mai silinda biyu da ƙarfin doki 13, wato kaɗan ta ɗara Keke Napep, har jama'a suka yi ta kukan rashin ƙarfinta. Ya kai ta doki 26 ba tare da ƙara girman injin ba, direbobi suka yi ta karɓa-karɓa kwana bakwai dare da rana, suka ci kilomita 18,186 a matsakaicin gudun kilomita 108 a sa'a. Kwatankwacin tafiya daga Yamai zuwa Filinge sau ɗari ke nan. A shekarar ce Fiat ta amince ta riƙa biyansa lada kan kowace nasara da motocinta suka samu da sunan Abarth, abin da ya sa ya riƙa tura motoci kowane ƙaramin tsere a Turai.

Ƙarin ƙarfi yana zuwa da ƙarin zafi. Injin Fiat 600 a baya yake, kuma da aka kai shi samfurin 850 TC da 1000 TC, sai ya zama dole a ɗaura ƙarin lagireto a gaban mota, a faɗaɗa tukunyar baƙin mai, a kuma tokare murfin inji a buɗe. Daga baya aka gano cewa buɗaɗɗen murfin yana gyara yadda iska ke bin bayan motar, har ya ƙara mata gudu. Samfurin ƙarshe na wannan inji, mai cc 982, ya haura doki 100. Amma wannan motar tsere ce da ake kwance injinta a kai a kai, tana da birki da tayoyi da suka dace da ƙarfinta. Wanda ke bin yashi da ƙurar Filinge a ƙasar Kurfai, ya cire matatar iska wai don inji ya shaƙa da kyau, ƙasa yake ɗura wa silinda.

Motocin yau sun sha bamban da na zamanin Abarth. Kwamfuta ce ke auna mai da iska, kuma kamfanoni sun riga sun gyara hanyar hayaƙi tun daga masana'anta, saboda haka ribar sauya salansa kaɗai a injin da ba shi da turbo 'yan dawakai ne. Cire matatar hayaƙin nan da makanikai a Najeriya ke kira indomi ba ya mayar da Corolla motar tsere. Abin da yake bari shi ne hayaƙi mai guba, da fitilar gargaɗi a gaban direba. Gadon akwatin Abarth a yau ya koma sauya lissafin kwamfutar inji da ƙara matsin turbo, kuma ƙa'idar ba ta canza ba: sai an haɗa da sanyaya inji da mai mai kyau.

Shi kansa Abarth bai daina neman gudu ba. A Oktoban 1965, yana daf da cika shekara 57, ya so ya kafa tarihin saurin tashi da hannunsa a Monza, amma jikinsa ya fi ƙarfin mazaunin motar. Ya rage kilo 30, akasari da cin tufa, ya shiga motar ya kafa tarihin.

Kuɗin tsere ya ci gaba da hauhawa, kuma a 1971 ya sayar wa Fiat kamfanin. Sashen motocin tsere ya koma hannun Enzo Osella, sunan Abarth kuma ya zama na sashen gasar Fiat, wanda ya ci kambun duniya na tseren rali da Fiat 131 Abarth a 1977 da 1978 da 1980. Carlo Abarth ya koma Vienna, inda ya mutu ranar 24 ga Oktoba, 1979, yana da shekara 70. Fiat ta farfaɗo da tambarin kunamar a 2007, kuma a 2023 aka fara sayar da Abarth 500e mai amfani da lantarki. Ba ta da salansa ko kaɗan, sai aka ɗaura mata lasifika a ƙarƙashin bayanta mai kwaikwayon rugugin injin fetur.