Boyd Alexander: Baturen da Ya Bi Tsuntsaye Daga Kwara Zuwa Nilu

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani Bature da ya ƙare rayuwarsa wajen bin tsuntsayen Afirka yana rubuta abin da ya gani, kuma kabarinsa yana nan Arewa, a ƙasar Borno.

An haifi Boyd Alexander ranar 16 ga Janairu, 1873, a garin Cranbrook na ƙasar Ingila. Tun yana yaro yake sha'awar tsuntsaye. Da ya girma ya shiga soja, amma bai bar wannan sha'awa ba. A 1897 ya je tsibiran Kef Bade, daga nan ya bi kogin Zambezi. A 1900 yana cikin sojojin Ingila da suka yaƙi Ashanti a Kumasi. Kada mu manta, sojan mulkin mallaka ne, kuma da bindiga yake harbo tsuntsayen da yake nazari, domin haka masana suke yi a wancan zamani.

Babbar tafiyarsa ta fara a 1904, tare da ƙanensa Claud da abokinsa Kyaftin Gosling da mai awon ƙasa P. A. Talbot da mai taimaka masa José Lopes. Sun zo da jiragen ruwa biyu na ƙarfe waɗanda ake kwancewa a ɗauka a ka. Daga Lokoja suka bi Binuwai, suka nufi Tafkin Chadi. Tafiyar ta zo da asara. Claud ya rasu a Maifoni, kusa da Maiduguri, a ƙarshen 1904, Gosling kuma zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar Kwango a 1906. Boyd ya daure har ya kai kogin Nilu. A 1907 ya fitar da littafinsa, From the Niger to the Nile, a 1908 kuma ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinariya.

Abin da ya ba aikinsa daraja shi ne tsari. Tsuntsun da ya samu, sai ya rubuta inda ya same shi da ranar. Sannan bai ɓoye abin da ya gano ba, yakan aika rahoto zuwa mujallar masana tsuntsaye mai suna Ibis don kowa ya karanta. Tsuntsayen da ya tara suna ajiye a gidan tarihin halittu na Ingila, masu bincike suna duba su har yau.

A 1909 ya dawo Afirka. Ya hau Dutsen Kamaru, ya ziyarci kabarin ƙanensa, ya wuce ƙasar Wadai inda ake yaƙi da Faransawa. A can aka kashe shi ranar 2 ga Afrilu, 1910, yana da shekara 37. An binne shi a Maifoni kusa da Claud.

To, mu me ya shafe mu? Ku tambayi dattawa a Gusau ko Tsafe yadda angulaye suke cika mahauta a da, sannan ku je ku ƙirga na yau. Tun 2015 masana suka sa angulun da muka saba gani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Gauraka ma ta yi wuyar gani. Idan ba a rubuta ba, yaya za a san nawa suka rage a Dutsen Kwatarkwashi na Bungudu, ko ranar da shamuwa ta iso bana?

Mu ba ma buƙatar bindiga ko danƙo. Biro da littafi sun isa. Wanda ya ga belbela ko cilakowa ko shirwa ko burtu a harabar makaranta ko hanyar gida, ya rubuta sunan tsuntsun da wurin da rana da yawansu, ya miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida. Kada kowa ya shiga daji don wannan. Za mu riƙa liƙa jerin a wannan allo kowace Litinin, tare da sunan wanda ya gani.