TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA (1877–1955)

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Alhaji Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano cikin shekarar 1877. Ya fito daga zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Akara ta ƙasar Gana, sai ya tashi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya sami laƙabin Ɗantata. A Bebeji ya yi karatun allo. Lokacin basasar Kano, wadda ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, yana cikin waɗanda aka kama, sai daga baya ya fanshi kansa. Ke nan bai gaji dukiya a tare ba. Abin da ya gada shi ne sanin hanya da sunan gida.

Fataucinsa

Ya fara da sana'ar kakanninsa, amma bai tsaya ga hanyarsu ba. A da ayari yakan kwashe watanni da jakuna kafin ya kai Gwanja ya komo. Shi kuwa da ya ga jirgin ruwa yana zirga-zirga tsakanin Akara da Ikko, sai ya riƙa ɗoro goronsa ta teku. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratso Zariya ta isa Kano a 1911, aka buɗe cinikin gyaɗa, Turawan kamfani suka rasa yadda za su kai ga manoman karkara, domin ba su san harshe ba, ba su san mutane ba. A 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa, bai daɗe ba ya shige gaban sauran masu saye.

Yadda ya riƙe jama'arsa

A nan ne babban darasin rayuwarsa yake. Gyaɗa tana warwatse a ƙauyuka masu nisa, mutum ɗaya ba zai iya tara ta ba komai yawan kuɗinsa. Saboda haka ya riƙa ba yaransa jari tun kafin kaka, su fantsama cikin karkara su sayo, su komo a yi lissafi. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari, har wasu daga cikinsu suka zama attajirai masu cin gashin kansu. Ya yarda da mutane, amma bai bar yarda ta hana shi duba lissafi ba, domin amanar da ba a bibiya jarraba ce ga wanda aka ba. Buhunan da suka taru ta wannan hanya su ne aka riƙa jerawa a Kano suna jiran jirgi, har suka zama dalar gyaɗa. Da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20.

Duk da wannan wadata, an san shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi da ƙin almubazzaranci. Ya kasance ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya, ya sauke farali, ya kuma ɗauki nauyin hajjin mutane da dama.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Sau da yawa gidan attajiri yakan rushe ranar rabon gado: a tsinka jari, yara su watse, suna ya ɓace. Alhaji Alhassan ya yi wa wannan rana tanadi. Ya sa 'ya'yansa cikin ciniki tun yana da ƙarfinsa, da ciwon ajali ya zo kuma ya tara su ya yi musu wasiyyar zama tare da riƙe kasuwancin wuri ɗaya. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Ɗansa Ahmadu ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu ya karɓa, wanda shi ma Allah ya yi masa rasuwa a 2025. Alhaji Sanusi kuwa ya yi fice wajen hidima ga Ƙadiriyya a zamanin Shehu Nasiru Kabara, kuma Alhaji Aliko Ɗangote jikansa ne ta wajen uwa.

Ya ku 'yan'uwa masu rumfa a kasuwar birnin Zariya da Sabon Gari, kowa ya tambayi kansa: yaro nawa ya tsayar da ƙafafunsu, kuma wa ya shirya wa riƙon rumfarsa bayan ransa?

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya haskaka makwancinsa, ya sa albarka a zuriyarsa. Amin.