John Lions, malamin da ɗalibai suka yi fasa-ƙwaurin littafinsa

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, domin kuwa har ƙasar Ostireliya za mu kai ku, mu kawo muku labarin wani malamin jami'a mai suna John Lions, wanda ake furta sunansa Layons. Littafi guda ne ya sa duniya ta san shi, kuma littafin nan ya yi kusan shekara 20 ba ka iya shiga kanti ka ce a ba ka shi, sai dai ka same shi ta bayan fage. Mai yiwuwa wadda ke zaune a rumfarta cikin kasuwar Dole ta Damagaram ta ce ina ruwana da wani Bature da littafinsa. To a yi haƙuri a biyo mu, wayar salular da ke ɗaure a bakin zanenta tana da dangantaka da wannan labari, za mu zo wurin.

An haifi John Lions a birnin Sidni ranar 19 ga watan Janairu na shekarar 1937. Ya gama jami'ar Sidni a 1959 da sakamako mai daraja ta ɗaya, ya samu tallafin karatu zuwa jami'ar Kambirij ta Ingila, inda ya zama dakta a 1963. Daga nan ya yi aiki a birnin Toronto na ƙasar Kanada, ya taɓa yin aiki na ɗan lokaci a jami'ar Dalhousie da ke Halifas, sannan ya shiga kamfanin Burroughs a Los Anjalas ta Amurka. A 1972 ya tattara ya koma gida da iyalinsa, ya kama aikin koyarwa a jami'ar New South Wales da ke Sidni, kuma a nan ya zauna har ƙarshen aikinsa.

Abin da yake koyarwa shi ne ilimin ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa kwamfuta. A cikin wannan ilimi ma, ɓangaren da ya fi wuya aka ba shi. Bari mu yi ɗan bayani. Kowace na'ura irin wannan tana da wani babban shiri a cikinta wanda ke tafiyar da sauran shirye-shirye, kuma a tsakiyar wannan shiri akwai wata ƙwaya da masana ke kira karnel. Aikinta kamar na sarkin tasha ne. Motoci da yawa suna son yin lodi, wurin lodi kuwa ɗaya ne, to shi ne zai ce wannan ta shigo, waccan ta jira, wadda ta daɗe ta ja gefe. Haka karnel ke raba wa shirye-shirye lokacin aiki, ya raba musu wuri a cikin ƙwaƙwalwar na'ura kamar yadda ake raba rumfuna, ya hana wani ya shiga rumfar wani, ya kuma san inda aka ajiye kowane rubutu in an zo nema. Mai amfani da na'ura ba ya ganinsa, amma in ya yi kuskure komai ya tsaya cak.

Matsalar malamai a wancan zamani ita ce, manyan kamfanoni ba su nuna asalin rubutun umarnin da aka gina karnel da shi. Sirrin sana'a ne, kamar yadda mai haɗa turaren wuta za ta sayar miki da kwalba amma ba za ta gaya miki abin da ta zuba ba. Ko da ma an nuna, rubutun ya yi yawan da mutum ɗaya ba zai iya riƙe shi a kai ba. Saboda haka ɗalibai suna koyon abin ne a allo, ana ba su labarin injin da ba su taɓa buɗe cikinsa ba.

Ana cikin haka sai ga wani sabon shiri mai suna Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs, mallakar kamfanin tangarahon Amurka AT&T. A 1973 suka sake rubuta shi da harshen na'ura mai suna C, wanda ɗan Adam ke iya karantawa ba tare da shan wuya sosai ba. Wani abin sa'a kuma, tun 1956 akwai yarjejeniya tsakanin kamfanin da gwamnatin Amurka wadda ta hana shi shiga wata sana'a ban da ta waya. Da yake ba shi da damar kasa Unix a kasuwa yadda ya so, sai ya riƙa ba jami'o'i lasisi a kan kuɗi kaɗan, haɗe da asalin rubutun gaba ɗaya. Jami'ar su Lions ta samu nata a 1975.

Da malamin ya duba, sai ya ga abin da ya daɗe yana nema. Karnel na bugu na 6 na Unix bai kai layi 10,000 ba, ga shi kuma yana aiki da gaske a kan wata na'ura mai suna PDP-11, wadda shiri ɗaya ba ya iya taɓa fiye da kilobayit 64 na ƙwaƙwalwarta a lokaci guda, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar yau ba. Ra'ayinsa shi ne, kamar yadda mai son iya rubutu sai ya karanta rubutun gwanaye, haka mai son gina irin wannan shiri sai ya karanta wanda gwanaye suka gina, daga farko har ƙarshe. A 1976 ya tsara wa ɗalibansa takardun darasi, a 1977 suka fito a matsayin littattafai biyu. Ɗaya mai jan bango, shi ke ɗauke da asalin rubutun, an sa wa kowane layi lamba. Ɗayan mai bango ruwan lemo, shi ne sharhin. Ɗalibi zai buɗe su gefe da gefe, ya karanta layi a nan, ya duba bayaninsa a can. Kuma Lions bai tsaya yabo kawai ba, inda ya ga aikin bai yi kyau ba yakan faɗa, wani wurin kuma ya bar wa ɗalibi tambaya ya je ya kwana da ita.

Akwai wani wuri a littafin da ya yi suna ƙwarai, layi na 2238, daidai inda karnel ke sauke shiri ɗaya ya ɗora wani. A nan masu Unix suka bar ɗan rubutu suna shaida wa mai karatu cewa ba a sa ran zai gane wannan wuri. Maganar ta zama abin raha tsakanin masana, har ana buga ta a riguna. Daga baya Ritchie ya bayyana cewa ba raini suka yi nufi ba, kuma su kansu a lokacin ba su gama fahimtar abin da ke faruwa a wurin ba, sai da aka sake gina shi a bugu na gaba.

Labarin littafin ya bazu nan da nan. A watan Maris na 1977 jaridar masu amfani da Unix ta sanar da shi, wasiƙun neman kofi suka yi wa Lions yawa, zuwa 1978 rabon littafin ya koma hannun Bell Labs, kuma sai mai lasisi ake ba. A wannan shekara ma Lions ya tafi can Bell Labs ya yi zaman aiki, ya sake komawa a 1983 da 1989. Wato dai injiniyoyin gidan suna girmama shi. Amma lauyoyin kamfanin wani lissafi suke yi. Sun fara gane cewa Unix haja ce mai tsada, kuma in kowane ɗalibi a duniya ya san cikinta, to sirri ya tashi daga sirri. Da bugu na 7 ya fito a 1979, sai lasisin jami'o'i ya daina ba da izinin koyar da rubutun a cikin aji.

Duk ɗan kasuwa zai fahimci kamfanin, babu mai son a tona masa haɗinsa. Amma a ganinmu sun makara, kuma sun yi wa malamin da ya tallata musu kaya kyauta sakayyar da ba ta dace ba. Ɗalibai kuwa ba su jira kowa ba. Wanda ke da littafin sai ya ba aboki aro, aboki ya kai injin fotokopi, wani ya buga daga wannan kofi, wani kuma daga nasa, har rubutun ya dushe sai an ƙura ido. Da yake an hana a aji, wasu sukan taru bayan an tashi su yi bitarsa tare. Dubban kofi ne suka zaga duniya ta wannan hanya, shi ya sa ake yawan cewa a fannin ordinatar babu littafin da aka buga a fotokopi kamarsa. Ko sisi ba ya shiga aljihun mai littafin daga wannan fasa-ƙwauri.

To yanzu mu zo kan wayar da muka ambata. Wannan hani na 1979 ya dami wani malami Ba'amurke mai koyarwa a birnin Amstadam na ƙasar Holan, Andrew Tanenbaum. Da ya ga ba shi da abin nuna wa ɗalibansa, sai ya zauna ya rubuta nasa ƙaramin shiri mai kama da Unix, babu layi ko ɗaya na AT&T a ciki, ya sa masa suna Minix, ya fitar da shi a 1987 tare da littafin da ke bayaninsa. Wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya karanta wannan littafi, kuma a 1991 yana ɗan shekara 21 ya soma nasa karnel, wanda aka sa wa suna Linux, ya bar shi a buɗe kowa ya karanta ya gyara. Linux ɗin nan shi ne a ƙarƙashin Android, shirin da ke tafiyar da wayoyi irin su Tecno da Samsung. Lions dai bai rubuta komai a cikin Linux ba, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna cewa ana iya koyar da karnel ta hanyar karanta shi, kuma da aka rufe ƙofar da ya buɗe, wasu suka sassaƙa tasu. Karnel na Linux yanzu ya haura layi miliyan 30, babu mahalukin da zai karance shi kamar yadda ɗaliban Sidni suka karance nasu.

Shi kuwa malamin ya ci gaba da aikinsa. Ya samu ƙarin girma a jami'a a 1980, ya zama shugaban farko na ƙungiyar masu amfani da Unix ta Ostireliya, ya kuma yi shekaru yana editan mujallar ordinatar ta ƙasar. Rashin lafiya ne ya sa ya ajiye aiki a 1995. A lokacin Unix ya riga ya canza hannu, ya bar AT&T ya koma Novell, daga nan ya koma kamfanin Santa Cruz Operation. Abokansa da tsofaffin masu karatunsa, cikinsu har da Dennis Ritchie da marubucin tarihin Unix Peter Salus, suka yi ta kai da kawowa har aka ba da izini. A 1996 littafin ya fito fili a kasuwa, shekara 19 bayan bugun farko, lokacin da na'urar da aka rubuta shi dominta ta riga ta zama tsohon yayi, amma mutane suka saya. Lions ya ga wannan da idonsa, sannan ya rasu ranar 5 ga Disamba 1998 yana da shekara 61.

Bayan rasuwarsa tsofaffin ɗalibansa suka yi karo-karo, aka kafa kujerar farfesa mai ɗauke da sunansa a jami'ar New South Wales. A 2002 aka saki tsofaffin bugun Unix kyauta ga kowa, har da na 6 ɗin nan da aka yi ta ɓoyo a kansa. A jami'ar MIT ta Amurka kuma, malamai sun yi ta koyarwa da littafin Lions har zuwa 2006, lokacin da suka sake rubuta bugu na 6 domin na'urorin zamani, suka kira shi xv6, suka haɗa shi da nasu littafin sharhi.